Injin da Na Ɗauko wa Tankari daga Kotonu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya fitar da ni daga gidana lafiya, Ya kuma mayar da ni cikinsa lafiya. Tun ranar da na sauka, ba na zama a majalisarmu ta bakin garaji face wani ya ce, "Alhaji Garba, wai da gaske ka ratsa ƙasa guda saboda abin wasan yara?" Na amsa har maƙogwarona ya gaji. Na kuma lura labarin yana sauya kama a bakin mutane, har an fara cewa teku na je kallo na fake da inji. Don haka na ga ya dace in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru, wanda ya tambaya a miƙa masa.

Wanda bai san Alhaji Tankari ba bai san tashar Gaya ba. Ɗan kawuna ne, taubashina, kuma tun muna samari shi ke tuƙi ni ke gyara. Ya kai albasa kudu, ya dawo da siminti, ni kuwa in kwanta ƙarƙashin kamiyonsa, babbar motarsa ta kaya, in gyara abin da ya ɓata, yana tsaye a kaina yana cewa hannuna ya fi na maƙeri nauyi. A ƙarshen daminar bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi ta dama. Magana ta dawo da nauyi, ƙafa tana ja, hannu kuma da sauran rai a cikinsa. Likita ya ce a riƙa motsa shi kullum. Tankari ya ƙi. Ya juya fuska ga bango, ya daina fitowa ko tsakar gida.

Ƴarsa Zalika, wadda ke aiki a Yamai, ta ce tunda ba ya taimakon kansa, da an gama girbin shinkafar rani za ta zo ta ɗauke shi. Ba ta yi laifi ba. Amma ranar da na je gaishe shi ya ce da ni, "Garba, in na hau motar nan ta Yamai, gawata ce za ta dawo."

Ana cikin haka ɗansa Sumaila ya aiko masa daga Turai da wata ƴar mota, tsawonta bai kai kamu biyu ba, wadda ake tuƙawa daga nesa da telekomandi. Ba irin ta batir da ake saya wa yara a kasuwa ba ce. Inji gare ta na gaske, da fistan da karbireta da salansa. Ta hannu ce, kuma injin ya yi tsatsa a hanya, sannan wani maƙwabci mai gyaran babur ya ɗura masa esansi, wato fetur, ya yi ta fizgar igiya har ya karya abin da ke ciki. Da aka kai ta gaban Tankari, na ga idonsa ya yi abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce, "Tana tashi?" Aka ce a'a. Ya mayar da fuska bango.

Nan na ce masa, "Za ka ji kukanta kafin Zalika ta zo." Ya ce, "Kai da ko amalanke ba ka iya tayarwa." Ban taɓa faɗin magana a kan inji ta faɗi ƙasa ba, kuma ban ga dalilin da zan fara da tsufana ba. Sumaila ya bincika ta waya, ya gano cewa a Kotonu akwai wasu mutane masu tseren irin waɗannan motoci, ya haɗa ni da wata mata a cikinsu. Na naɗe motar a tsohon zane, na sa a kwali, na yi sallama da iyali.

A lokacin gada a rufe take, sai ta jirgin ruwa ake ƙetarewa zuwa Malanbil. Mai jirginmu Badande ne, mai fara'a, ya zaunar da ni a kan buhun wake don girmamawa. Muna tsakiyar gulbi na ji injinsa yana tari. Na ce, "Ɗana, bujinka ya yi datti," wato filogin da ke ba injin wuta. Ya ce, "Baba Alhaji, na sani. Amma in na kashe shi a nan don ka duba, a Najeriya za mu yi sallar azahar." Duk jirgin aka yi dariya.

Wajen sauka ne ƙafata ta dama ta nutse a laka, ta fito ba takalmi. Mutum uku suka lalube, ba a same shi ba. Haka na shiga ƙasar Benin da babbar riga mai aiki da takalmi ƙafa ɗaya, har na sami mai silifa. Jami'in da ya buɗe kwalina ya daɗe yana kallon motar, sannan ya murtuke fuska ya ce, "Papa, ina takardun motar?" Na ce direbanta yana kwance a gida, takardun suna wurinsa. Sai ya fashe da dariya, ya kira abokan aikinsa su gani, ya ce Allah Ya ba direba lafiya.

Hanyar Kandi zuwa Paraku na san ta, sai dai ta ƙarƙashin mota na san ta. Wannan ne karo na farko da na bi ta a zaune bisa kujera mai laushi, sai na ga ashe akwai gonakin auduga da ban taɓa lura da su ba, ko da yake ina gane duk inuwar da na taɓa sauke giyar mota a cikinta. A Paraku muka yada zango, aka kawo mini sakwara da miyar gyaɗa da wani cukun Fulani da suke soyawa, suna kiransa wagashi. Na ci na yaba. Abu ɗaya ne ban saba da shi ba: mai abincin ta tsaya a kaina tana tambaya ko ya yi daɗi. A wurinmu baƙo yakan ci a kau da kai daga gare shi. Daga Paraku zuwa kudu iska ta fara yin nauyi, har mutum ya ji kamar an jiƙa masa riga an mayar masa.

A Zangon Kotonu na sauka wurin Malam Hassan, mutumin garin Bana ne mai sayar da albasa, wanda ya daɗe a can har ya iya harsunansu. Ya ba ni ɗakin da ke kusa da rumbun albasa, don haka ban yi kewar gida ba ta wajen hanci. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ce, "Alhaji, in wani ya tambaye ni, zan ce kayan gyaran kamiyo ka zo saye." Na ce, "Ka faɗi gaskiya, Hassan. Inji na zo saye, kuma ba a auna inji da girmansa."

Ranar Lahadi da hantsi muka tafi. Masu kabu-kabun garin duk rigarsu ɗaya ce, rawaya, kuma sun cika titi kamar fara. Na hau bayan ɗaya da kwalina a cinya, iska ta shiga babbar rigata ta kumbura, har mai babur ɗin ya waiwayo ya roƙe ni in tattare ta kada mu tashi sama.

Tun daga nesa na ji ƙara, siririya, kamar ta zuma da aka tsokana. A wani fili bayan wani sito muka tarar da su. Na zaci yara zan gani. Manyan mutane ne, wasu da furfura, kowa ya durƙusa gaban motarsa da turnabis na kwance noti, ba mai jin kunyar kowa. A Gaya in dattijo ya yi haka a fili, kafin la'asar an je gaida iyalinsa da jiki. Warin hayaƙinsu ma ba na esansi ba ne, na ji shi kamar na san shi, daga baya aka ce mini a cikin man akwai man zurma, wannan da ke fitowa a juji ba mai kula ta.

Matar da aka haɗa ni da ita, Madam Afiyabi, mai kantin magani ce, ta manyanta, da wando da hular hana-salla, hannunta baƙi ƙirin da mai. Faransancina na garaji ne, sai Malam Hassan ya tsaya tsakaninmu. Ta buɗe injin Tankari, ta leƙa, ta ce wannan ya riga mu gidan gaskiya. Da ta ji labarin mai motar, sai ta ce, "Papa, me zai hana ka sa mata injin lantarki? Ba mai, ba gyara, ba ƙara. Shi ya fi wa marar lafiya sauƙi."

Na ce wa Hassan, "Faɗa mata na gode. Amma mutumin nan rayuwarsa duka da kunne ya yi tuƙi. In mota ba ta kuka ba ta hayaƙi, ba zai juyo daga bango ya dube ta ba." Ta dube ni da kyau, ta gyaɗa kai, ta buɗe akwatinta.

Da farko ta nuna mini babban inji, irin na masu tsere. Na ƙi shi. Tsakar gidan Tankari ba filin tsere ba ne, kuma hannun da ke koyon motsi ba ya son abin da ke zabura. Na kuma ƙi wanda ake tayarwa da akwatin lantarki, na ce a ba ni mai igiya, wanda ba ya jiran a kawo wuta. Sai ta ajiye mini ƙanana guda biyu masu kama ɗaya, ta ce in zaɓa.

Na ɗauki na farko na juya shi da yatsa. Ya zagaya sumul, ba inda ya tsaya. Na ɗauki na biyu, fistan yana kaiwa sama sai ya cije, har sai da na sa ƙarfi ya wuce da ɗan ƙara. Na ajiye shi gefe. Duk bakaniken da ya san aikinsa, in ya ji fistan ya cije a shemiz, wato bututun da yake hawa da sauka a ciki, ya san akwai ɓarna. Na ɗora hannu a kan na farko na ce, "Wannan."

Ta yi murmushi ta ce, "Na san shi za ka ɗauka, duk mai gyaran manyan motoci shi yake ɗauka. Papa, wannan ya gama rayuwarsa, don kayan gyara nake ajiye da shi." Ta cire kan injin ta nuna mini. Fistan ɗin ba shi da zobba ko ɗaya. A namu injuna zobba ne ke tsare iska. A nasu kuwa, shemiz ɗin ne aka tsuke daga sama da gangan, cijewar nan ita ke tsare iskar, kuma in ya yi zafi ƙarfen ya buɗe daidai. Wanda ke juyawa sumul ya cinye, ba ya riƙe komai.

Na sake ɗaukar na biyu na juya, na saurari cijewar da kyau har ta zauna a yatsana. Na ce, "To, a koya mini sauran." Ban je Kotonu don in nuna abin da na sani ba.

Muka ɗaura shi a motar, muka yini a kansa. Bujinsa ba ya tartsatsi, wata ƴar waya ce a ciki da ake ɗumamawa da batir, in ya tashi a cire batir ɗin ya ci gaba da kansa. Sabon inji ba a tayar da shi da sanyi, sai ta hura masa zafi da na'urar busar da gashin mata, abin da ban taɓa zaton zan ga an yi wa inji ba. Allurar da ke daidaita shigar mai kuma ba a juya ta yadda aka ga dama, sai kaɗan-kaɗan, kamar hannun agogo daga awa zuwa awa, a saurara, sannan a ƙara. Wani dattijo a wurin ya nuna mini yadda suke gwada zafi: a tofa yawu a kan injin, in ya ɗan yi rawa kafin ya ƙafe, lafiya, in ya ɓace nan take, a kashe. Na ce ni zan riƙa ɗiga ruwan buta.

Abin da ta fi nanata mini shi ne hayaƙi. Ta ce man da ke tafiyar da injin shi ne kuma ke shafe shi yana sanyaya shi, don haka muddin ana ganin shuɗin hayaƙi a bayansa yana da rai, ranar da hayaƙin ya ɗauke yana ƙonewa ne. Na yi shekaru ina korar hayaƙi daga salansar mutane, ga shi an ce in yi kiwonsa. Ta ƙara da cewa, "Daidaitawar da muka yi a nan ta iskar teku ce. Iskarku daban, can sai kunnenka. Kuma rodaji bai ƙare ba. Tanki bayan tanki, a hankali, kada a matsa masa." Rodaji dai shi ne lallashin da ake yi wa sabon inji har ƙarfe ya saba da ƙarfe, wannan kam ba sai an fassara mini ba.

Wajen dawowa na sha wuya da galan ɗin man injin da na sayo, domin masu motar fasinja sun ƙi ɗaukarsa. Na tafi tashar manyan motoci ina tambaya, sai ga Isufu, wanda ya yi wa Tankari karen mota shekarun baya, yanzu shi ma da furfurarsa da kamiyonsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗaure galan ɗin a inuwa a baya, ya ba ni gaba. Tafiyar ta fi ta zuwa tsawo, kujerar ta fi tauri, amma na fi jin daɗinta. A hanya ya ce, "Baba, ka tuna maigida in an sauke masa inji? Ba ya barin kowa ya taɓa motar, ba ya zuwa ko biki, har sai rodaji ya ƙare. Sau ɗaya na tayar da ita ba ya nan, har yau kunnena na tuna." Na ce na tuna. A bakin gulbi wani jami'i ya ga man ja-ja a galan ya zaci abin sha ne, sai da ya shinshina ya mayar da murfin da sauri.

Na iso Gaya na tarar an gama girbi, motar Zalika kuma tana ƙofar gidan ubanta. Ta gaishe ni ta ce, "Baffa, jibi za mu tafi." Na ce, "Allah Ya kai mu, ƴata. A ba ni tabarma a tsakar gida."

Na zaɓi wurin da ke ƙarƙashin tagar ɗakinsa. Ba ni da na'urar busar da gashi, ba na kuma bukatarta: na ɗora motar a kan kwanon rufin akurkin kaji, ranar Gaya ta yi aikinta. Na zuba mai, na ɗora batir a buji, na ja igiya. Ya ƙi. Na sake ja. Ya yi tari ya mutu. Hajiya Rabi, matar Tankari, tana tsaye da muciya tana kallona da tausayi, wanda ya fi dariya ciwo. Na share zufa na ja kuma, sai ya kama.

Amma ba kukan Kotonu ba ne. Ya yi nauyi, yana gurnani, yana tofar da mai ta salansa, hayaƙi ya cika gida, kaji suka watse. Na gane iskarmu mai zafi ba ta kai wa man da aka ba shi a can. Na ɗauki turnabis na kai kan allura. Sai na fasa. Na bar shi yana gurnani a ƙarƙashin tagar, ina ɗan taɓa masa wuta don kada ya mutu.

Ba a daɗe ba na ji murya daga ɗaki, mai nauyi, amma kowace kalma ta fita. "Garba! Ka shaƙe shi da mai!"

Na ɗaga murya na ce, "Daidai yake. Haka aka koya mini a Kotonu."

"Ƙarya kake! Rage masa!"

"Ba na jin ka, Alhaji, inji na kuka."

Sai muka ji ƙarar sanda, da jan ƙafa a siminti. Zalika ta yunƙura za ta shiga, uwarta ta riƙe mata hannu. Labule ya motsa, ga Tankari a bakin ƙofa, ya rame, yana ƙifta ido saboda rana. Aka kawo kujera ya zauna yana haki. Ya ce, "Tsohon banza. Juya."

Na rufe allurar kaɗan. Ya karkata kai ya ce, "Ƙara." Na ƙara. Gurnanin ya washe, kukan ya siranta. Ya ce a ƙara kuma, na ce a'a, na nuna masa shuɗin hayaƙin na gaya masa abin da Madam ta ce, na ɗiga ruwan buta a kan injin muka ga ya yi rawa. Ya ce bai taɓa jin shirme irin wannan ba, amma ya yarda.

Na miƙa masa telekomandin. Yadda aka yi shi, hannun hagu ke riƙe shi yana jan kunamar wuta, hannun dama kuma yana juya wani ɗan sitiyari a gefe. Ya riƙe da hagu. Na ce, "Kai ka ba da wuta, ni in juya maka."

Ya harare ni. "Yaushe bakanike ya taɓa riƙe mini sitiyari?"

Muna kallo ya fara ɗago hannun dama daga cinyarsa. Yana rawa, ya zame, ya sake ɗagowa. Ba wanda ya taimake shi, domin duk mun san shi. Yatsu biyu suka kai kan sitiyarin suka kama. Motar ta motsa, ta yi hagu, ta yi dama kamar ɗan maraƙi, ta tafi kai tsaye ta daki turmin Hajiya Rabi.

Ya ce, "Wa ya ajiye turmi a kan hanya?"

Hajiya ta janye turminta tana share ido da gefen mayafi. Na mayar da motar tsakiyar fili, ya sake tafiya, wannan karon ya zagaye gindin dalbejiya ya dawo. Ya nemi ya ja wuta sosai, na ce, "A hankali, Alhaji, rodaji bai ƙare ba. Da sauran tankuna da yawa."

Ya saki kunamar. Ya juya ya dubi ƴarsa ya ce, "Zalika, kin ji. Inji na cikin rodaji. Ba na tafiya in bar wa wannan mai hannun maƙera."

Zalika ta dubi hannun ubanta a kan sitiyari, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "To, Baba. Amma kullum ne, safe da yamma, kuma Baffa zai riƙa gaya mini ta waya." Ya ce ba ya bukatar ɗan sanda. Ta koma Yamai ita kaɗai.

Wannan shi ne labarin, ban ƙara ba ban rage ba. Wanda ke son ganin abin da na ratsa ƙasa dominsa, ya zo gidan Tankari bayan la'asar, ya tsaya jikin bango ya tattare ƙafafunsa. Maganar gaskiya, rodaji ya ƙare tuni. Ni ban gaya masa ba, shi kuma da kunnensa ya fi nawa, bai tambaya ba.